Me ya sa ake fitar da jirgi daga ruwa?

Da zarar ruwan Gulbin Rima ya fara ja da baya bayan damina, akan ga masunta da 'yan fito a yankin Birnin Kebbi da Argungu suna janyo jiragensu zuwa tudu.

Aikin yana da wuya, amma ita ce hanya ɗaya tilo ta ganin halin da ƙasan jirgi ke ciki, inda ruɓewa da tsagewa suka fi ɓuya.

Yadda ake yi

Abu na farko shi ne rage nauyi. Ana sauke kaya, a cire inji idan akwai, sannan a kwashe ruwan da ya taru a ciki, domin kowace lita guda ta ruwa nauyin kilo guda ce.

Daga nan sai a nemi gaɓa mai sauƙin gangare, a jera gumagumai a ƙasa, a ɗaura igiya a goshin jirgin. Wasu na ja, wasu na turawa, ana ɗauko gungumen baya ana mayar da shi gaba.

Idan za a kai jirgin wani gari a mota, wajibi ne a tallafe tsawonsa gaba ɗaya. Jirgin katako da aka bar rabinsa yana reto zai iya tsagewa a gargadar hanya ba tare da mai shi ya lura ba.

Bambanci da na Turai

Jiragen wannan yanki masu shimfiɗaɗɗen ƙasa ne, abin da ke ba su damar bin ruwa marar zurfi kamar na fadama da na kogin Matan Fada, inda ake tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934.

A Turai da Amurka kuwa akwai jirage masu tafiya da iska waɗanda ke da wani ƙashin baya na ƙarfe ko dalma a ƙarƙashinsu, wanda ke hana iska kifar da su. Ƙarfen kan nutse fiye da mita guda a ruwa, don haka ba a iya jan irin wannan jirgi a kan yashi.

Sai dai a tura tirela ta gangaren siminti har ta nutse, a kawo jirgin bisa kanta, sannan mota ta ja a hankali. Nauyin jirgin kan zauna ne a kan ƙarfen, sandunan gefe kuma su hana shi karkata. Mafi girma daga cikinsu, da ƙugiya ake ɗaga su.

Abin da ake dubawa

Bayan an kifa jirgin katako, ana neman allon da ya ruɓe, da ƙusar da ta yi tsatsa, da kafar da ruwa ke shiga, a sauya na sauyawa, a toshe na toshewa.

To amma barin jirgi a rana tsawon lokaci shi ma illa ne, musamman a lokacin hunturu da bazara, domin katako kan bushe ya tsuke, mahaɗarsa ta buɗe. Shi ya sa ake rufe shi, ko a bar shi ya jiƙa a bakin ruwa kafin a sake ɗora masa kaya.

Matsalar ita ce, duk ranar da jirgi ya yi a tudu, rana ce da mai shi bai samu ko kwabo ba, lamarin da kan sa wasu su yi ta ɗage gyara.

A watan Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ya dare a kogin Kwara kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ɗauke da fasinjoji fiye da 150, kuma kaɗan ne suka tsira.

Jami'ai sun danganta hatsarin da lodin da ya wuce kima da kuma tsufan jirgin.

Fasinja zai iya ganin yawan lodi da idonsa tun daga bakin gaɓa. Lafiyar katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa kuwa, sai wanda ya fitar da jirgin ya duba ne kaɗai ya san ta.