Rui Veloso da mai alƙalamin da ke bayansa

A ƙasar Fotugal, idan aka ce "uban rok", Rui Veloso ake nufi. Ba shi ya fara kaɗa jitar lantarki a can ba. Tun shekarun 1960 samari ke wannan kiɗa, sai dai da yawansu da Turanci suke rerawa, don a ganinsu harshen Fotugis ba ya hawa irin wannan amo. Veloso ne ya fitar da jama'a daga wannan kokwanto.

An haife shi a Lisbon a 1957, amma a Porto ya tashi, babban birnin arewacin ƙasar, inda mahaifinsa Aureliano ya zama magajin gari bayan juyin mulkin 25 ga Afrilun 1974. Yana ɗan shekara shida ya fara busa harmonika, daga baya ya kama jita, yana kwaikwayon hannun B.B. King da Eric Clapton. Shi ma da Turancin ya fara. Mahaifiyarsa ce ta kai waƙoƙin da ya naɗa kamfanin Valentim de Carvalho, su kuwa suka ce da harshen gida suke so.

Faifansa Ar de Rock ya fito a 1980, lokacin da kunnuwa suka fara gajiya. Shekara shida ke nan da faɗuwar mulkin kama-karya, an sha waƙoƙin gwagwarmaya da na siyasa har sun gundura. Sai ga wani saurayi yana waƙar "Chico Fininho", wani ɗan ƙwaya da ke gararamba a titunan Porto, da "Rapariguinha do Shopping", yarinyar da ke aiki a katafaren kanti. Babu wa'azi, babu tutar jam'iyya, kuma da bakin 'yan unguwa aka yi su, har da karin maganar bakin titi da ba a saba ji a rediyo ba. Kamfanoni suka ga akwai kasuwa, suka shiga neman ƙungiyoyi. UHF da GNR da Xutos & Pontapés duk a wannan guguwa suka yi suna.

Amma fa kirarin "uba" yana danne haƙƙin wani. Kalmomin nan da suka ja hankali ba na Veloso ba ne, na abokinsa Carlos Tê ne, shi ma ɗan Porto. Veloso ke ɗora murya da jita, Tê ke riƙe da alƙalami. A ganina rabin sarautar tasa ce. Shi ya rubuta "Porto Sentido" ta 1986, wadda mutanen birnin suka ɗauka tamkar takensu, shi kuma ya tsara labarin Mingos & Os Samurais, tagwayen faifai na 1990 a kan wata ƙungiyar makaɗa ta ƙirƙira da ke fafutuka a bayan gari. Faifan ya yi kasuwar da ba kasafai ake gani a Fotugal ba. A shekarar ce kuma Veloso ya hau dandamali tare da B.B. King, wanda yake kwaikwayo tun yana yaro.

Sun ci gaba da Auto da Pimenta a 1991, kan tafiye-tafiyen teku na Fotugisawan da, sannan Lado Lunar a 1995, har zuwa A Espuma das Canções a 2005. Tun da suka daina aiki tare sababbin waƙoƙin Veloso suka yi ƙaranci. Har yanzu yana cika zaure idan zai yi wasa, amma abin da jama'a ke amsa masa da baki ɗaya, kusan duk Tê ne ya rubuta.