Hanyar Alkawari da Yadda Ake Tsara Ta a Na'urar Rarraba Saƙo

Duk ma'aikatar da hedkwatarta ke wani gari, rassanta kuma suna warwatse a wasu garuruwa, lalle ne ta nemi dabarar da kwamfutocinta za su riƙa ganawa da juna. Dabarar farko ita ce a yi hayar layi na musamman daga kamfanin waya tsakanin kowane ofis da ɗan'uwansa. To, amma in ofisoshi 10 ne, sai an ja layi 45 kafin kowa ya sadu da kowa kai tsaye. Don kauce wa irin wannan tsada masana suka ƙago abin da za a kira a nan hanyar alkawari, watau hanyar da ba ta da waya tata ta kanta, sai dai yarjejeniya tsakanin na'urori cewa duk saƙon da ya zo da lamba kaza, za a bi da shi ta wuri kaza. Ta haka layi guda da ya fito daga hedkwata kan ɗauki hanyoyi masu yawa.

A shekarar 1976 ne CCITT, kwamitin ƙasashen duniya mai kula da ƙa'idojin tarho da talgiram, ya amince da ƙa'idar X.25. A cikinta kowace tasha takan binciki saƙo, ta nemi a sake aiko wanda ya lalace, saboda layukan wancan zamani ba su da tabbas. Da layuka suka inganta sai aka fito da tsarin Firem Rile, wanda ya bar gyaran kuskure ga kwamfutocin da ke bakin hanya, ya kuwa yaɗu ƙwarai a shekarun 1990. Hanyar alkawari iri biyu ce: akwai ta wucin gadi, wadda ake buɗewa a rufe kamar bugun tarho, akwai kuma ta dindindin, wadda ma'aikatu suka fi amfani da ita.

Mai tsara hanya ta dindindin a Firem Rile yakan kula da abubuwa huɗu a kan rauta, watau na'urar rarraba saƙo. Na farko, ya faɗa wa ƙofar da layi ya shiga irin ƙunshin da za ta riƙa yi wa saƙo, domin in ƙunshin ɓangarorin biyu ya saɓa, ba za su fahimci juna ba.

Na biyu shi ne lambar hanya. Lambobin daga 0 zuwa 1023 suke, amma an keɓe 16 na farko da wasu na ƙarshe don aikin gudanarwa. Abin lura a nan shi ne, lambar ba ta da ma'ana sai tsakanin rauta da tashar kamfanin waya da ke kusa da ita. Misalinta kamar akwatin gidan waya ne: akwati na 100 a Kano daban yake da akwati na 100 a Zariya. Saboda haka hanya ɗaya tak tana iya zama 102 a hedkwata, a reshe kuwa 201.

Na uku, a haɗa adireshin rautar da ke can nesa da lambar hanya ta nan gida, ko dai ma'aikaci ya rubuta da hannunsa, ko a bar na'urorin su tambayi juna. Na huɗu shi ne gaisuwa. A bisa al'ada rauta takan tambayi tasha lafiyar layi kowane daƙiƙa 10, a karo na shida kuma ta karɓi cikakken bayanin hanyoyinta. Amsa uku ce: hanya tana aiki, ko tana nan amma ɗaya ɓangaren bai amsa ba, ko kuwa tasha ba ta san lambar ba sam.

Wannan amsa ta uku ita ce ke tona asirin sakaci. In ma'aikaci ya ɗauki lambar reshe ya rubuta a rautar hedkwata, layi zai nuna lafiya lau, kamfanin waya zai ci gaba da karɓar kuɗin haya, amma ko harafi ɗaya ba zai wuce ba. Takardun albashin reshe guda suna iya maƙalewa saboda lamba uku da aka juya.

A taƙaice, ko da yake Firem Rile ya kau, tsarin MPLS da aka fitar da ƙa'idarsa a 2001 ya gaji wannan hikima ta liƙa wa saƙo lamba, a sauya ta daga tasha zuwa tasha. Hanyar da ba a gani da ido ba ta da mazauni sai a cikin abin da aka rubuta, don haka wajibi ne kowace ma'aikata ta adana rajistar lambobinta kamar yadda take adana littafin kuɗi. Hausawa dai sun ce alkawari kaya ne.