Firij Mai Tsiyayo Ruwa da Ƙanƙara: Sanyi Daban, Tsabta Daban

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ke gasa ƙasar Birnin Gwari, ƙanƙara haja ce mai daraja a Gayam, balle in azumi ya faɗo cikin zafin. Ba mamaki ake yawan zancen firij ɗin nan mai ƙofa biyu, wanda za ka kara kofi a jikinsa ya tsiyayo maka ruwan sanyi ko ya zubo ƙanƙara. Sai dai zancen ya cakuɗe da jita-jita, wata ma tana iya kai yaro asibiti.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce wai duk ruwan da ya daskare ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Sanyi kwantar da ƙwayoyin cuta yake yi, ba ya gamawa da su. Ƙwayar taifot tana iya jimre wa daskarewa, ta kwalara ma ba a amince wa sanyi ya kashe ta ba. Ƙanƙarar na narkewa a cikin zoɓo ko kunun aya, sai su farka. A 2021 an samu mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Arewa ce ta fi jin jiki. Ruwan rijiyar da ba ta da murfi, ko na jarkar da ta yi kore daga ciki, ko a firij ɗin miliyan nawa aka zuba shi, yadda ya shiga haka zai fito. A tafasa shi, ko a sa masa kulorin, sannan a sanyaya.

To, matatar da ke ciki fa? Masu cewa tana tace komai sun faɗi rabin gaskiya. Yawancin irin waɗannan matatun na gawayi ne, aikinsu rage wari da gyara ɗanɗano, kuma don ruwan famfo da aka riga aka tsabtace aka ƙera su. Masu ƙerawa kan ce a sauya ta duk wata 6. Wadda ta shekara biyu ba a taɓa ba, ita kanta ta zama maɓoyar datti.

Cewa ruwan sanyi ne ke kawo taifot ko limoniya kuwa, babu tushe. Ƙwayoyin cuta ne ke haddasa su.

Akwai inda mutane suka yi gaskiya. Firij ɗin da ya sha jijjiga a bayan mota daga Kaduna ko Funtuwa, a bar shi tsaye na wasu sa'o'i kafin a jona, domin man kwamfuresa ya koma mazauninsa. In wuta ta ɗauke ta dawo, a jira kamar minti 5, kuma a sa masa sitabilaiza. Gaskiya ne kuma cewa irin wanda ake haɗawa da bututu yana son ruwa mai ƙarfi, tankin da ba shi da tsayi ba zai tura masa ba. Wanda ba shi da famfo a gida ya nemi mai tankin ciki, wanda ake cikawa da hannu, ya riƙa wanke tankin duk mako.

Ɗaukewar wuta ita ce babbar matsalar. Firiza cike, in ba a buɗe ba, tana riƙe sanyi har kusan sa'o'i 48, amma ɓangaren abinci sa'o'i 4 ne kawai. Ƙanƙarar da ke cikin akwatin tara ƙanƙara takan narke ta sake daskarewa, ta dunƙule ta toshe bakin da take fitowa. A ciro akwatin a zubar, a wanke da ruwan ɗumi, a shanya. Don Allah kada a sa wuƙa a sassaƙe ƙanƙarar da ta kama jikin firiza: yawancin sababbin firij gas ɗin R600a ne a cikinsu, kuma yana kama wuta in bututun ya huje. A cire soket, a buɗe ƙofa, ta narke da kanta.