Wahalar Malami Mai Riƙon Ƙwarya

 

Yau ina so in yi magana a kan wani mutum wanda ba a ambatonsa ran walimar sauka, ba a kuma kai masa ƙafar rago ran suna, alhali kuwa babu wata tsangaya da ta daɗe a ƙasar nan wadda ba ta taɓa bukatarsa ba. Shi ne malamin da a kan bar wa makaranta riƙon ƙwarya in mai ita ya tafi Hajji, ko ciwo ya kwantar da shi, ko wata lalura ta kira shi garinsu. Ni kaina na yi wannan riƙo sau uku. Na ƙarshe shi ne a shekarar 1440 ta Hijira, watau 2019, lokacin da aikin Hajji ya faɗo cikin watan Agusta, tsakiyar damina, kuma a kansa zan gina maganata.

Wani alaramma ne aminina, wanda muka yi gardanci tare a ƙasar Barno. Ana sauran kwana uku jirginsu ya tashi ya aiko mini. Da na isa ya miƙa mini mabuɗin zaure da dorina da kurtun tawada, ya nuna mini almajirai arba'in da 'yan kai, ya ce, "Malam, ga amana nan, ai kai ma ɗan gida ne." Iyakar wasiyyar ke nan. Ni kuma don kunya da ganin girmansa ban tambayi kome ba, na ce, "Allah ya kai ka lafiya, Alaramma, ya sa karɓaɓɓiya ce."

To, wanda bai zauna makarantar allo ba ba zai gane nauyin abin da aka ɗora mini ba sai an yi masa bayani. A makarantar boko aji guda littafi guda ya ke karantawa, shafi guda, rana guda, ga kuma rajista da tsarin darussa a rubuce, wanda ya zo riƙo in ya buɗe ya ga inda aka kwana. Mu kuwa a wurinmu yaro arba'in aji arba'in ne. Wannan kolo yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani titibiri yana Sabbi, wani ya haye Tabara, gardawa kuma suna can cikin hadda kowa da inda ya ke. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, watau sumuni 480 ke nan, kuma babu inda aka ajiye labarin wurin da kowane yaro ya tsaya sai wuri biyu: bisa allonsa, da cikin ƙirjin malaminsa. Ƙirjin ya hau jirgi ya tafi Makka. Allo kuwa da ruwa kaɗan a ke wanke shi.

Safiyar farko yara biyar suka zo mini da alluna farare fat, kowa ya ce, "Alaramma ya ce in wanke." Na rubuta musu na gaba. Sai da aka kwana huɗu na gane uku daga cikinsu ba su iya abin da suka wanke ba, gaggawar su wuce tsararrakinsu ce kawai. Wani kuma mai wayo nasa ya bambanta: ya koma baya zuwa surar da ya iya tun bara, ya zauna a kanta yana ta rera ta da murya mai daɗi, ni kuwa ina yaba masa, ashe hutun kwana arba'in ya yanka wa kansa. Na farkon sun fi ba ni tsoro, domin yaron da ya haye sura bai iya ta ba, ramin nan yana nan a bayansa, wata rana yana gardi zai faɗa ciki a gaban jama'a, ba kuwa wanda zai tuna da ranar da aka haƙa shi.

Sanin wurin karatu ma shi ne mai sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Mai makaranta ya san yaron da ba ya rarrabe sin da sadi, da wanda in an daka masa tsawa harshensa ya ɗaure har yamma, da maraya, da wanda uwarsa ke aiko da saƙo kowace kasuwa. Ran kwana na goma na aiki wasu ƙolaye ɗebo ruwa a rijiya. Sun yi nisa sai wani titibiri ya sheƙo a guje ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, Alaramma ba ya aiken wane rijiya, farfaɗiya gare shi." Na tashi ba takalmi na bi su, na same shi riƙe da igiyar guga. Allah ya tsare. Amma daren nan ban runtsa ba, ina tunanin abin da zan gaya wa uban yaron da abin ya auku, da abin da zan gaya wa Ubangiji. Kalma guda ce da an faɗa mini ita ran ba da mabuɗi da ta wadatar.

Sa'an nan ga maganar riwaya. Tsangayoyinmu tun kaka da kakanni da riwayar Warshu a ke karatu, wadda ta zo daga Imamu Nafi'u na Madina, da rubutu irin na Magariba. Makarantun Islamiyya kuwa galibi Hafsu su ke bi, daga Imamu Asimu na Kufa, wadda ta yaɗu a duniya bayan bugun Alƙahira na 1924, ta ƙara yaɗuwa da mus'hafan da a ke bugawa a maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina tun 1984. Dukansu biyu ingantattu ne, ba mai ja da wannan. Amma a rubutun Magariba fa ɗigonta guda ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo guda a sama, alhali a rubutun gabas fa ce mai ɗigo guda a sama, ƙaf biyu. Ni Warshu na tashi da ita, sai dai shekarun da na yi ina koyarwa a wata Islamiyya da yamma sun sa hannuna ya kan zame. Wata rana na rubuta wa yaro allo na ɗiga wa fa a sama, yaro ya karanta ta ƙaf, gaskiyarsa kuwa. Babban gardin makarantar ya ɗauki allon ya duba, ya ce a gaban kowa, "Allah ya gafarta Malam, ba haka Alaramma ya ke yi ba."

Wannan kalma ita ce abincin mai riƙon ƙwarya safe da yamma. In ka sa a fara karatu bayan asuba kai tsaye, ba haka Alaramma ya ke yi ba. In ka jinkirta, ba haka ya ke yi ba. Ran nan dai gardin ya yi daidai, na kuwa gode masa, na gyara. Amma daidai ɗin nan guda ya ba shi ƙarfin yi mini gyara sau goma inda shi ne bai yi daidai ba. Daga baya na fahimci ciwonsa: shekara tara yana wurin, ya zaci shi za a bar wa makarantar, sai ya ga an ɗauko baƙo an ɗora masa a ka. Ban ga laifinsa ƙwarai ba. Da mai makaranta ya tara mu ya ce wane shi ne malami, wane kuma shi ne mataimakinsa mai kula da darasu, da an raba gardama tun ba ta tsiro ba.

Dorinar da aka ba ni kuwa na rataye ta, ban taɓa saukewa ba. In ka buga, gobe unguwa ta ɗauka cewa baƙo ya zo yana dukan 'ya'yan mutane. In ka ƙyale, a ce ya saki yara sun lalace. Na zaɓi zargi na biyu. Malaman mazhabarmu na farko sun taƙaita abin tun da daɗewa: Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 256 ta Hijira, ya iyakance horon malami ga yaro a kan karatu da bulala uku. In an ƙuntata wa mai makaranta haka, wanda ya san halin yaro ciki da waje, ina ga wanda bai gama sanin sunayensu ba?

Batun abin masarufi ba zan tsawaita ba, don kada a ce kwaɗayi ya sa ni magana. Kuɗin Laraba dai makon farko ya zo cikakke, na biyu ya ragu, daga na uku sai yara su ce, "Inna ta ce sai Alaramma ya dawo." Masu zuwa neman addu'a su kan yi sallama a bakin zaure, in sun ga ni ne su ce dama gaisuwa ce ta kawo su. Ga gonar mai makaranta gero ya isa maimai. In na tura gardawa gona karatu ya kwanta, in na tsare su a karatu ciyawa ta cinye gero, kowanne kuma ni za a tambaya. Haƙiƙa wanda ya fara kiran wannan aiki riƙon ƙwarya ya san abin da ya faɗa: in ta fashe a hannunka ta fashe, in ta isa gida lafiya mai ita ke shan abin da ke ciki.

Abin da ya riƙa sanyaya mini rai cikin waɗannan kwanaki shi ne ƙissar Annabi Musa da ɗan'uwansa Annabi Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, kamar yadda ta zo a surar A'arafi da surar Ɗaha. Musa ya tafi ganawa da Ubangijinsa dare talatin, aka cika masa da goma, ya bar Haruna ya maye masa cikin mutanensa. Kafin ya komo Samiri ya ƙera musu maraƙi. Haruna ya hana, suka raina shi har suka kusa kashe shi, ya kuma ji tsoron in ya matsa a ce ya raba kan Bani Isra'ila. Da Musa ya dawo cikin fushi, kan ɗan'uwansa ya fara kamawa. Ina mu ina annabawa, misali ne kawai na ke bugawa. Amma in Annabin Allah, mai fasahar harshe, jama'a sun ƙi jin maganarsa don sun san riƙo ya ke yi, kada wani malamin ƙauye ya yi mamaki in titibiri ya yi masa kunnen ƙashi.

A zamanin kakanninmu abin da sauƙi ta wata fuska. Mai niyyar Hajji ya kan bi ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, ya yi shekaru a hanya, wasu ma su zauna Sudan ba su komo ba. Wanda aka bar wa makaranta ya san ta zama tasa, yara ma sun sani, sai kowa ya saki jiki. Jirgin sama ya mai da tafiyar 'yan makonni. Kwana arba'in sun yi yawa a ce a dakatar da karatu, sun kuma yi kaɗan mutum ya kafa nasa tsari. Na ji malaman firamare na kuka da irin wannan, musamman inda a ke cike gurbi da masu bautar ƙasa, waɗanda tun kafa shirin a 1973 shekara guda su ke yi su wuce, yara na fara sabawa da su sai a kawo wani.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malamai, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san zai bar makarantarsa ya kira mai riƙo tun da sauran mako guda, su zauna buzu ɗaya, yara su biya a gabansu su biyu. Ya tara iyaye da gardawa ya faɗa da bakinsa cewa hukuncin wannan hukuncina ne, ya kuma yanke maganar kuɗin Laraba da gona a fili, domin kunya a wannan wuri ita ke haifar da ƙullaci daga baya. Mafi girma duka, ya rubuta. Mu da muke alfahari da ajami, muna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da shi, me ya hana mu ɗauki takarda guda mu sa sunan kowane yaro, da surarsa, da inda harshensa ke tuntuɓe, da ciwon da ke jikinsa?

Alaramma ya sauka lafiya bayan Babbar Salla da makonni. Ya kawo mini zamzam da dabino da tasbaha, ya yi godiya mai yawa. Kashegari ya zauna ya saurari yaran ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan mai wayon nan ya dube ni ya ce, "Malam, wane ai ya koma baya." Na ce, "Haka ne, Alaramma." Ban ƙara kome ba.

Da na koma tawa makarantar, wadda na bar wa babban almajirina da kalmomin da ba su fi waɗanda aka bar mini yawa ba, na tarar yara huɗu sun wanke abin da ba su iya ba, kuɗin Laraba ya tsaya tun mako na biyu, shi kuma ya rame. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kullum cewa su ke ba haka kake yi ba." Ran kasuwa na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, na fara da sunan ƙaramin kolo.