Allo a Zaure, Lissafi a Bakin Murhu

Kafin rana ta ɓullo a ƙauyukan ƙasar Kunci an riga an gama darasin farko. A wani gida da na sani, ana idar da sallar asuba maigida yake shimfiɗa buzu a zaure, yara su jawo allunansu daga jikin bango. Ƙaramin yana kan babbaƙu, yana kiran haruffa da sunayensu na gargajiya: alu, lam jaye, ha kuri. Na tsakiya ya shiga farfaru, ya fara ɗora wasula. Babban ya wanke allo jiya, yau zai yi sabon rubutu da alƙalamin gamba.

"Sake biyawa."

"Baba, ai na iya."

"To kife allon mu ji."

A cikin gida kuma ana wani karatun da ba wanda ke kiransa karatu. Uwargida tana tuyar ƙuli-ƙuli, 'yarta mai shekara tara na jera shi a faranti. Tiya nawa aka sa na gyaɗa, kwalba nawa ta mai ta fita, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba, wa aka ba bashi jiya bai biya ba. Yarinyar tana riƙe da wannan duka a ka, kuma in Inna ta yi kuskuren canji ita ke gyara mata.

Turawa sun yi wa irin wannan suna, sun mai da shi tsari mai zaman kansa. A Amurka wani malamin makaranta, John Holt, ya gaji da ganin yadda aji ke kashe wa yara sha'awar sani, har a 1977 ya fara buga mujalla don iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida. An yi ta shari'a da ja-in-ja, sai a 1993 abin ya halatta a duk jihohi 50 na ƙasar. Ingila ta yarda da shi, Jamus kuwa har gobe dole yaro ya je makaranta. Yanzu ana jin wasu iyaye masu hali a Kano da Abuja suna zancensa kamar sabon yayi da ya zo ta intanet.

A ƙasar Hausa ba sabo ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke tara ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ɗauki maganar da gaske. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa dattijan mata a matsayin jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa zuwa wurinta suna ɗaukar karatu cikin waƙa su koma ƙauyuka su sauke wa matan da ba sa fita. Makarantar ba ta da gini. Tsakar gida ce ajinta. Makarantar boko kuwa sai a 1909 Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe ta a Nasarawa ta Kano, kuma bokon bai isa yawancin ƙauyuka sosai ba sai da shirin firamare ga kowa (UPE) na 1976. Ke nan firamaren da ke bakin gari baƙuwa ce a kan zaure.

Akwai kuma gona, wadda a wannan yanki ita ce babbar malama. Ƙasar arewacin Kano cike take da mutane, gona na jingine da gona, ba wanda ke da filin da zai bari ya huta. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin yadda manoman karkarar Kano ke noma fili ɗaya shekara bayan shekara ba tare da ya mutu ba. Amsar tana cikin abin da yaro ke koya yana biye da jaki. Yana ganin yadda ake tara takin tumaki da awaki da tokar murhu, a kai gona a mangala tun da rani. Yana ganin ana sa wake a tsakanin gero da dawa. Ba a gaya masa cewa saiwar wake na tara sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi ba, amma ya san gonar da aka yi wake ba ta gajiya da wuri. Ya san ba a sare gawo, don shi kaɗai ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya. Wanda iyayensa ke noman rani a wajen madatsar Gari ya ƙara da sanin ban-ruwa. Ranar kasuwar Shuwaki kuma darasin ciniki ne. Ina jin zafi in na ji ana kiran irin wannan yaro jahili.

Sai dai gida yana ba da abin da yake da shi ne kawai, kuma annobar korona ta tona wannan. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, a Kano ba su dawo ba sai Oktoba. Gidajen rediyo sun watsa darussa, amma rediyo ba ya riƙe wa yaro hannu ya nuna masa yadda ake lanƙwasa harafi. Gidan da ke da yaya ɗan sakandare ko uwar da ta taɓa yin firamare, yaransa sun ɗan riƙe abin da suka koya. Inda babu mai karanta boko, littafin ya koma saman rufin ɗaki. Uwar da ke koyar da ɗanta a Amurka galibi ta yi makaranta, tana da ɗakin karatu a unguwarta. Ba daidai ba ne a ɗauko tsarinta a ɗora wa matar da ita kanta ba a sa ta a aji ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za a iya fakewa da "ai tana koyo a gida" a bar yarinya da farantin talla daga safe har magariba. Lissafin da take yi a ka gaskiya ne, amma ba zai karanta mata takardar magani ba, ba zai kai ta makarantar ungozoma ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, nan kusa, sakamakon WAEC ko NECO take tambaya. Doka ma ba ta bar wa iyaye zaɓi ba: dokar UBE ta 2004 ta wajabta shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, a 2024 kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. Gwamnati ba ta kafa ta-ɓaci a kan abin da ke tafiya daidai, kuma uban da ya leƙa aji ya ga yara cunkushe a ƙasa gaban malami ɗaya yana da hujjar yin sanyin gwiwa. Amma cire yaron ba ya ƙara masa harafi ko guda.

Abin da ake yawan mantawa shi ne yaron zaure ya riga ya gano babban sirrin karatu. Ya san baƙi yana da sauti, wasali na juya shi: ba, bi, bu. Rubutun Hausa na boko kuwa wasula biyar ne, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa, ba kamar Ingilishi ba. Wanda ya ƙetare farfaru saura ƙiris ya karanta Hausar boko, in aka fara masa da harshen da yake magana da shi. Da haka aka koya wa manya karatu a zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da haka kuma littafin Ka Koyi Karatu ya buɗe wa ɗimbin yaran Arewa ido. Ba sai da alli ko allon bango ba. Gawayi da jikin katanga sun isa, ko tsinke da rairayin tsakar gida, da ɗan lokaci bayan isha'i.

A gidan da na faɗa, yayan ne da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ya ɗauki wannan aiki, bayan uban ya ce in dai ba za a taɓa lokacin allo ba ya yarda. Da fitilar waya suke yi. Ƙanwar, mai ƙirgar ƙuli-ƙuli, yanzu da safe tana firamare, tallan ya koma bayan la'asar. Ran nan saƙo ya shigo wayar uwar daga ƙanenta da ke ci-rani a Legas. Da can sai ta jira maigida ya dawo daga gona, ko ta aika maƙwabta. Wannan karon yarinyar ta karɓi wayar, ta bi shi gaɓa-gaɓa da ɗan yatsa.

"Inna, Kawu ne. Ya ce ya turo kuɗin taki, a je a cira ranar kasuwa."

Uwar ta ajiye matankaɗi ta matso.

"Nuna min inda aka rubuta taki."