Jan Ƙarfe da Furotin ɗin Firiyon a Cikin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1986 aka gano wata cuta a cikin shanun Ingila wadda ke sa saniya firgita da tangaɗi har ta faɗi ta mutu. Aka raɗa mata suna cutar haukan shanu. A 1996 kuma hukumomin ƙasar suka bayyana cewa akwai alamun tana kama mutanen da suka ci naman. Abin mamaki, ba bakteriya ce ke haddasa ta ba, ba kuma bairas ba. Wani furotin ne kawai, wanda Stanley Prusiner na Amurka ya sa wa suna firiyon a 1982, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 1997.

Wannan furotin ba baƙo ba ne a jiki. Duk mai lafiya yana da shi, manne a fatar ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwarsa. Cuta tana farawa ne idan wani ya naɗe a karkace, ya riƙa tilasta wa lafiyayyun su ɗauki siffarsa, har su taru su kashe jijiyoyi, ƙwaƙwalwa ta yi ramuka kamar soso.

To, ina jan ƙarfe ya shigo cikin wannan magana? Jiki yana bukatar ɗan kaɗan daga sinadarinsa, kimanin miligiram ɗaya a rana ga baligi, kuma ana samunsa a hanta da gyaɗa da wake da riɗi. A 1997 David Brown da abokan aikinsa suka nuna cewa lafiyayyen firiyon yana kama jan ƙarfe. Wani sashe na jelarsa yana iya riƙe ƙwayar zarra har huɗu. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan jijiyoyin da aka raina a ɗakin bincike sun nuna cewa idan aka ƙara musu jan ƙarfe sai su ƙara ƙera furotin ɗin. Ke nan sinadarin tamkar ɗan aike ne mai cewa a ƙara aiki, ƙarancinsa kuwa yana raunana wannan kira, yana kuma barin gurabensa a wofi. A 2000 an ga cewa manganis yana iya maye gurbin a cikin kwalbar gwaji, furotin ɗin ya taurare ya yi wuyar narkewa.

Shin rage jan ƙarfe zai zama magani? A 2003 an ba ɓeraye masu cutar wani magani mai zuƙe shi daga jiki, cutar ta ɗan yi jinkirin bayyana. Amma a wannan shekarar wasu masanan suka zuba jan ƙarfe a ruwan shan wani nau'in ɓera, shi ma ya jinkirta ta. Ban da haka, ƙarancinsa kansa cuta ne: jijiya ba ta samar da kuzari sosai sai da shi, shi ya sa tumakin da suka rasa shi suke haifar 'ya'ya masu tangaɗi.

Ya kamata ɗalibai su lura cewa ba ƙarancin jan ƙarfe ne ya yaɗa annobar Ingila ba. Garin nama da ƙashi da aka ciyar da shanu ne ya yaɗa ta. Abin da bincike ya tabbatar shi ne akwai alaƙa tsakanin sinadarin da furotin ɗin, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci.