Haihuwa da kai ko ta tiyata: shaƙuwar uwa da jariri da shayar da nono

A Tegidda-n-Tesum, garin gishiri da ke arewacin Ingal, idan naƙuda ta yi tsanani sai an yi doguwar tafiya da mace zuwa asibitin Agadas. A can wani lokaci likita kan ciro jaririn ta hanyar tiyata. Mata da yawa kan dawo gida da fargaba biyu: ko nono zai zo, kuma ko jaririn zai shaƙu da su kamar wanda aka haifa da kai.

Me ke kawo shaƙuwa da ruwan nono?

Da zarar an haifi jariri, ya kamata a goge jikinsa, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata ta taɓa fata, a lulluɓe su da zane. Ɗumin jikinta yana kare shi daga sanyi. Yana jin ƙanshinta da muryarta, sai ya fara neman nono da kansa. Tsotson da yake yi shi ke sa jikin uwa ya saki nono, mahaifa kuma ta tsuke, zubar jini ya ragu. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa 1 bayan haihuwa.

Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu

Wadda ta haihu da kanta takan iya rungumar jaririnta nan take. Wadda aka yi wa tiyata kuwa tana fama da zafin ɗinki da nauyin magani, kuma sau da yawa akan raba ta da jaririn na wasu awoyi. Wannan jinkiri ne kan sa nono ya makara. Tiyatar ba ta busar da nono, ba ta kuma rage ƙaunar uwa. Idan allurar baya aka yi mata, idonta biyu, ana iya ɗora mata jaririn tun a ɗakin tiyata. Idan an sa ta barci, a kawo mata shi da zarar ta farka.

Abin da ya kamata a yi bayan tiyata

1. Uwa ta kwanta a gefe ɗaya ta shayar, ko ta riƙe jaririn ta ƙarƙashin hammata, don kada ya danne ɗinki.
2. A ba shi dakashi, wato nonon farko mai kauri. Kada a matse shi a zubar, domin shi ne rigakafin farko na jariri.
3. A shayar da shi dare da rana, aƙalla sau 8. Yawan tsotso shi ke ƙara nono.
4. Kada a ba shi ruwa ko madarar akuya ko ta raƙumi. Ko a tsakiyar bazara, nonon uwa ya ishe shi, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Nono zalla har wata 6, sannan a ƙara da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Aikin dangi

Kunyar ɗan fari kan sa wata uwa ta ƙi ɗaukar jaririnta a gaban mutane. Kaka da uwar miji su ba ta wurin da za ta keɓe da shi, su ɗauke mata ɗiban ruwa da aikin gishiri har ɗinki ya warke. Miji kuma kada ya jinkirta kai ta asibiti saboda tsoron tiyata: tun shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta ba da umarnin a riƙa yin ta kyauta a asibitocinta.

Idan jariri ya ƙi kama nono, ko ɗinki ya kumbura yana ruwa, ko uwa ta yi zazzaɓi, ko baƙin ciki ya daɗe mata har ba ta sha'awar jaririn, a je gidan likita ba tare da ɓata lokaci ba.